Taken da Mijinyawa Bai Tsaya Ya Ji Ba

Akwai wani mutum da ake kira Mijinyawa, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Shagari, wanda Allah Ya ɗaukaka sunansa a Faransa har ya manta ƙofar da ya fito. Mabiya wannan shafi, ku gyara zama, yau labarin yadda ya bar duniya zan ba ku.

Mahaifinsa, Sarkin Noma Ashiru, sai da ya jera 'ya'ya mata biyar kafin ya samu namiji, shi ya sa aka yi wa yaron laƙabi da Mijinyawa. Tsohon ya ɗauki son duniya ya ɗora masa. Shi kuwa yaron tun yana ƙarami hannunsa ba ya shiri da hauya, kunnensa yana wurin ganga.

Ya yi makaranta a Sakkwato, ya tsallaka Yamai, can wani malamin kiɗa ya ga baiwarsa ya yi masa hanya zuwa Paris. Gaskiya ɗaya ce, Mijinyawa gwani ne, ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ya iya rubuta kiɗa a takarda, ɗigo-ɗigo a kan layi, mutum saba'in su zauna da goge da sarewa da kakaki irin na Turawa su kaɗa abin da ya tsara. Ya karɓi takardar zama Bafaranshe. Jaridu suka riƙa kiransa fitaccen mai tsara kiɗa na Faransa. Shagari kuwa ko da kuskure ba ta fitowa daga bakinsa.

To, a ƙauyensu kowane manomin kirki yana da takensa, wato kiɗan da ganga ke kiran sunansa da shi ranar gayya. In makaɗi ya saki takenka, sai ka ɗaga hauya ka amsa da kirari kowa ya ji. Ƙin amsawa abin kunya ne, hana mutum amsawa kuwa cin mutunci ne. Kuma a al'adarsu, ranar da mai take ya rasu an rufe takensa ke nan, ba a sake kaɗa shi.

Makaɗin noman ƙauyen sunansa Garba, sa'an Mijinyawa ne, tare suka yi kiwon awaki. Shekarar da Mijinyawa ya bar gida, Sarkin Noma ya kira Garba ya sa shi ya yi wa ɗansa take, ya haɗa shi a bayan nasa. Duk gayya, in Garba ya gama na uba sai ya zarce da na ɗa. Tsohon ya hana kowa amsa wannan sashe.

"Mai shi na nan tahe," in ji shi. "Ranar da yad dawo, shi amsa da bakinai."

Shekara ashirin da biyu ganga tana kira, babu mai amsawa.

Ana nan wata damina sai ga Mijinyawa. Kada ku ce kewar gida ce ta kawo shi, kiɗa ya zo ɗauka. Mota biyu, Turawa uku, na'urori kamar za a buɗe gidan rediyo. Shi kuma ya sha kwat cikin zafin nan, yana miƙa wa dattawa yatsu uku a madadin hannu, ruwansa ma a roba ya taho da shi don kada na rijiyar ubansa ya taɓa masa ciki.

Ya ce a shirya masa gayya. Ƙauye ya ɗauki murna, mata suka dama fura, aka yanka rago. Kowa ya san abin da ake jira, shi kaɗai ne bai sani ba, don bai tambayi kowa komai ba.

Aka shiga gona. Garba ya rataya ganga ya saki taken Sarkin Noma. Tsohon, da shekarunsa kusan tamanin, ya yunƙura ya miƙe, ya ɗaga hauya, ya buɗe baki zai yi kirari.

Mijinyawa ya fizge abin sauraro daga kunnensa ya daka tsawa. "Baba, yi shiru mana! Kana ɓata mana ɗauka."

Jama'a, uban da ya haife shi, a gonarsa, a gaban surukansa da jikokinsa. Tsohon ya tsaya hauya a sama, baki a buɗe. Daga nan ya sauke hannu a hankali ya koma bakin gona ya zauna.

Garba ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya sake ɗaukowa daga farko. Ya gama taken uba, ya shiga na ɗa. Mutane suka daina noma suka juyo suna kallon Mijinyawa. Bugu huɗu Garba ya yi, sai Mijinyawa ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Na samu abin da nake so, sauran hayaniya ce."

Garba ya ce, "Abokina, bari in kai ƙarshe, saura kaɗan."

"Wane ne abokinka? Kai da ba ka iya rubuta ɗigo ɗaya ba, kai za ka koya mini inda kiɗa ke ƙarewa? Kai mai dukan fata ne kawai, ni ne makaɗi."

Bai ishe shi ba, sai da ya juya ya maimaita wa Turawan da Faransanci, suka yi dariya. Kafin a sauke tuwo sun naɗe wayoyinsu sun kama hanyar Sakkwato, wai masaukin can ya fi tsabta.

Wasu suka ce a bi shi a faɗa masa abin da ya katse. Sarkin Noma ya hana. "Wanda bai tsaya yaj ji ba, ba a bin shi da bayani."

Mijinyawa ya koma Paris da taken ubansa, ya yi masa ado da goge da sarewa, ya sa masa suna da Faransanci, ya rubuta sunansa shi kaɗai a ƙasa. Wannan kiɗa ne ya kai shi ƙololuwa. Aka rataya masa lambar yabo, aka riƙa miƙewa tsaye ana yi masa tafi.

Bayan shekara biyu Sarkin Noma ya rasu. Mijinyawa ya aiko da saƙo cewa yana da wasa, ba zai samu zuwa ba. A ƙauye aka rufe taken tsohon kamar yadda aka saba. A Paris kuwa aka ci gaba da kaɗa shi, har tallar turare aka yi da shi a talabijin. Taken Sarkin Noma Ashiru, mutumin da bai taɓa sanin wani ƙamshi da ya wuce na ƙasa bayan ruwan farko ba.

Amma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Bugu huɗun nan da ya kira hayaniya suka shiga kansa suka yi gida. Yana cin abinci yana jin su, yana tafiya yana jin su. Ya san farkon wani abu ne, ya kasa gano ci gabansa. Shekara da shekaru yana zama da alƙalami zai ƙarasa, ya rubuta ya yage, ya rubuta ya yage. Gwanin Faransa guda, bugu huɗu na mai dukan fata sun gagare shi. Girman kai kuma ya hana shi ɗaga waya ya tambaya.

Yana da shekara sittin da 'yan kai, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya ɗauke. Hannun da ke riƙe alƙalami ya zama kamar tsumma. Masu tafi suka zo sau ɗaya da furanni suka ɗauki hoto, ba su sake dawowa ba. Da likitoci suka ce kwanakinsa sun ƙarato, yayarsa Hajiya Kulu, wadda ke aure a Bodinga, ta matsa ta waya a kawo mata ƙanenta.

Manajansa ne ya kawo shi, wani Bashar, mutumin Birnin Ƙonni da ya daɗe a Paris. Shi ma ba tausayi ne ya motsa shi ba. Wani kamfani ne ya ce yana son bidiyon kwanakin ƙarshe na gwanin a mahaifarsa. Bashar ba ya kiran maigidansa da suna, sai dai "Mayestiro", laƙabin da ake ba manyan makaɗa a can, yana faɗa yana lumshe ido.

Aka kwantar da shi a ɗakin Hajiya Kulu, ɗakin da ke maƙwabtaka da rumbun albasar mijinta. Bashar ya kafa waya a kan sanda tana ɗauka, ya jera lambobin yabo a kan ɗan tebur.

Hajiya Kulu ta shigo da kwano ta dube su. "Waɗanga ƙarahuna na mi na?"

"Lambobin yabo na, Hajiya. Wagga ma babban mutum yar rataya mashi ita da hannunai."

"To ɗebe su, nan za ni aje kunu."

Ita Hajiya Kulu abu ɗaya ne a gabanta. Ba ta damu da jarida ba, ba ta damu da lamba ba. So take ƙanenta ya bar duniya da kalmar shahada a bakinsa. Safe da yamma tana zama kusa da kansa tana maimaita masa. Shi kuwa ko kallonta ba ya yi. Idonsa yana kan rufin ɗaki, yatsunsa na hagu suna ƙwanƙwasa ƙarfen gado, jikinsa babu natsuwa. Liman ya zo ya yi addu'a ya tafi, ba abin da ya sauya.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta riƙa fita bayan ɗaki tana kuka, tana cewa autan Sarkin Noma zai tafi baki a rufe.

Bashar kuwa har da hana ta magana. "Hajiya, a rage surutu. Mayestiro na tsara sabon kiɗa, duniya na jira."

Ta yi masa kallon da ake yi wa akuyar da ta shiga masallaci.

A kwana na uku da hantsi, tana tsince wake a bakin gadon, sai kunnenta ya kama abin da yatsun ke yi. Ta ajiye faifan. Taken mahaifinsu ne, tun daga farko har ƙarshe. Bayansa bugu huɗu, sai yatsun su tsaya cak, hawaye ya gangaro masa. Jim kaɗan ya sake ɗaukowa daga farko, ya sake tsayawa a wurin.

Ta ce, "Wayyo Mijinyawa. Ashe nan kat tsaya."

Ta yafa mayafi, ta hau Keke Napep zuwa tasha, ta shiga motar Shagari.

Ta iske Garba a gindin wata bishiyar bedi a bakin gonarsa, ya tsufa, yana tufka igiya. Suka gaisa, ya tambayi mutanen Bodinga ɗaya bayan ɗaya, bai tambayi mara lafiya ba. Ta faɗa masa abin da ya kawo ta.

Garba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ɗiyar Sarkin Noma, kin ɓata hanya. Ni mai dukan hwata na. Makaɗi na can gidanki kwance. Ki ba shi takarda shi rubuta."

"Malam Garba, hannun ya mutu."

"To shi kira mutum saba'in ɗin nan nashi su ƙarasa mashi."

"Ba ko ɗaya. Dut sun watse."

Ya ci gaba da tufka, bai ɗago ba. "Ni ban damu da abin da yac ce mani ba, an zagi waɗanda sunka hi ni. Amma na ga ubanku da hauya bisa, baki buɗe, awa yaron da anka kwaɓe. Wanga hoto bai bar idona ba har yau."

Hajiya Kulu ta share ido da gefen mayafi. "Ni ma ina wurin. Ban zaka in ce shina da gaskiya ba, ba shi da ita ko ƙwaya. Amma shina shirin tahiya gaban Ubangiji, kuma abin ga ya tokare mashi maƙogwaro, ko shahada ba shi iya hwaɗi. In ba ka yi don shi, ka yi don tsohon."

Garba ya ƙarasa tufkar da ke hannunsa. Daga baya ya jefar da igiyar.

"Tsohon ga ya ɗaure ni. Kwana biyu kahin shi rasu ya kama hannuna yac ce, Garba, in Allah Ya maido shi, ko da a kwance na, ka kai mashi ƙarshe. Na ɗauka na tsira da amanar ga, ashe ina nan da ita." Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Mu tahi."

"Gangar hwa?"

"Ba a kai ganga ɗakin majinyaci."

Bayan azahar suka iso Bodinga. Bashar ya ga tsoho da ƙafa duk laka zai shiga ɗakin, ya tare ƙofa. "Tsoho, ina za ka? Nan ba wurin bara na ba."

Hajiya Kulu ta ce, "Kauce, ɗan nan. Wanda maigidanka ka nema shekara ashirin na."

Garba ya shiga ya tsaya a bakin gadon. Mijinyawa ya juyo da ido, ya gane shi. Yatsun suka tsaya.

"Makaɗi, sannu da jiki," in ji Garba. "Mai dukan hwata na yaz zaka. Ina takardun? Ina Turawan da sunka yi dariya?"

Mijinyawa ya runtse ido, hawaye yana bin kuncinsa zuwa kunne. Ni dai ban ga laifin Garba ba, ya daɗe yana riƙe da maganar nan.

Sai ya ja tabarma ya durƙusa, ya sassauta murya. "Abin da kac ce hayaniya ta, ka san ko mi na? Takenka na. Ubanka yas sa in yi maka shi shekarar da kat tahi. Shekara ashirin da biyu ina kaɗa shi, yana hana kowa amsawa, yana cewa mai shi na nan tahe. Ranar nan gari dut kai anka zuba ma ido."

Ƙirjin Mijinyawa ya riƙa hawa da sauka. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito sai iska.

Garba ya kama tafin hannunsa na hagu ya buɗe shi. Bai taɓa taken Sarkin Noma ba, wannan rufaffe ne. Daga bugu huɗun nan ya fara, da yatsu biyu a tsakiyar tafin, ya wuce inda aka taɓa tsayar da shi. Ya kai bakinsa kunnen Mijinyawa yana raɗa masa abin da gangar ke faɗi:

"Na Ashiru, na bayan mata biyat. Komi nisan dawa, gida na nan. Gona na kira, tsoho na jira. Mijinyawa, amsa!"

Ya tsaya, ya bar yatsunsa a cikin tafin.

Mijinyawa ya sake buɗe baki. Mutumin da ya yi wata bakwai bai furta kalma ba, sai ga murya ta fito a shaƙe, kamar ta ƙaramin yaro.

"Na'am."

Hajiya Kulu ba ta ɓata lokaci ba. Ta faɗa gefen gadon ta tallafo kansa. "Autanmu, ce La'ilaha illallah."

A karon farko tun zuwansa ya dube ta. Ya bi ta a hankali, gaɓa bayan gaɓa, har ya kai ƙarshe. Jikinsa ya saki, hannun nan da ya kwana uku yana dukan ƙarfe ya kwanta a cikin na Garba. Ana kiran la'asar ya cika.

Garba ya rufe masa ido, ya ce, "Na yahe maka, abokina. Sauran tsakaninka da tsohon da Mai Sama."

Aka yi masa sutura a Bodinga kamar kowane Musulmi, likkafani bai fi na mai tura baro ba. Lambobin yabon suna cikin wata leda a saman rumbun albasa. Jaridun Paris kuwa suka buga cewa gwanin ya rasu yana tsara sabon kiɗa da yatsunsa. Allah Sarki, masu ilimi.

Bashar ya duba wayarsa, ya ga ba ta kama komai ba sai bayan wani tsoho a durƙushe. Yatsa a tafin hannu ba ya ƙara, raɗa kuma ba ta kai ga waya ba. Washegari a wurin zaman makoki ya lallaɓo wurin Garba, ya tsuguna har ƙasa, mutumin da jiya ya kira mabaraci.

"Baba, ranka shi daɗe. Abin nan da ka kaɗa ma Mayestiro, a ɗauko ganga ka maimaita mu ɗauka. Ci gaban kiɗan nan na da duniya ta daɗe tana jira. Har Paris za a kai ka, a sa sunanka."

Garba ya ɓare goro ya jefa a baki. "Mai take ya amsa, ya tahi. An ruhe."

"To mi za ni hwaɗa ma mutanen can?"

Garba ya miƙe ya zura takalmansa, don gero na jiransa a Shagari.

"Ka hwaɗa masu abin da maigidanka yac ce. Sun samu abin da suka so, sauran hayaniya ta."

Darasi: Kada ilimi ko suna ya sa ka katse na ƙasa da kai kafin ya kai ƙarshen maganarsa, don wataƙila abin da ka raina naka ne ake miƙo maka. Kada ka kwaɓi iyayenka don ka burge baƙi, masu tafi ba sa zaman jinya. Mijinyawa ya yi sa'a Garba mai riƙon amana ne kuma yana raye, ba kowa ke samun wannan ba. In iyayenka suna kira, ka amsa tun suna iya jin muryarka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san ya daɗe bai leƙa gida ba.